YADDA AKA TSARA BIRNIN KANO, DA DA YANZU

Wanda ya hau Dutsen Dala da hantsi ya duba ƙasa, ba zai ga inda Kano ta ƙare ba. Gabas da yamma, kudu da arewa, duk rufin kwano ne da benaye har iyakar ganin ido. Amma tsofaffin da suka ga zuwan Turawa sun ba da labari cewa a zamaninsu mai tsayawa a wannan wuri gonakin dawa da gero ya ke gani a cikin ganuwa, da shanu suna kiwo, gidaje kuwa sun taru waje guda kamar an share su da tsintsiya. Ƙidayar da aka yi cikin 2006 ta sami mutum wajen miliyan 2 da dubu 800 a birni da kewayensa, yanzu kuwa masu lissafi suna ƙiyasta sun haura miliyan 4.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ko wane gari yana bukatar wanda zai riga magina zuwa, ya ce nan hanya, nan kasuwa, nan hanyar ruwa, nan kuma kada kowa ya aza tubali. Tarihin Kano ya nuna sa'ad da masu tsara gari su ke gaban jama'a, gari ya kan zauna lafiya. Sa'ad da jama'a suka wuce su kuwa, talaka ne ke biyan kuɗin, da gidansa, wani lokaci har da ransa.

GANUWA

Mutanen farko a gindin Dala suka zauna. Masu tonon kufai sun sami alamun narkar da tama a wurin, waɗanda suka kai shekara fiye da 1,200. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce babbansu Barbushe ne, ya kuma lissafta Bagauda sarki na farko, wajen shekarar 999. Bagauda bai gina birni ba. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134 bisa lissafin masana, shi ya tara jama'a aka soma ganuwa. An ce ran da aka fara aiki ya yanka shanu 100, aka kuma yi wa ganuwar ƙofa 8. Bai ga ƙarshen aikin ba, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa.

Sau biyu aka ƙara faɗinta bayan wannan. Na farko a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya fitar da ita wajen kudu da gabas, ya gina sabon gidan sarauta a filin da ya ƙaro, shi ne a ke kira Gidan Rumfa har yau. Na biyu a zamanin Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, sa'ad da Wambai Giwa ya ja ta wajen yamma, ta bi ta Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har Kansakali.

Abin lura a nan shi ne, ko wane karo filin da a ke kewayewa ya kan ninka wurin da gidaje su ke. Wani Baturen Ingila mai suna Clapperton ya zo Kano cikin 1824. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 15, tsawonta ƙafa 30, da ƙofa 15, mutanen gari kuwa tsakanin 30,000 da 40,000. Ya ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke ciki ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Dalili biyu ne ya sa haka. In yaƙi ya taso, mutanen ƙauye su kan shigo da iyalinsu da dabbobinsu, a rufe ƙofa, a sami wurin sauka da wurin kiwo da abin da za a ci. In kuwa zaman lafiya a ke yi, baƙon da ya zo da sana'a ba ya rasa inda za a yanka masa ya yi gida. Watau sarakunan da sun auna wa jikokin jikokinsu wuri tun ba a haife su ba.

Ginin ƙasa ba ya zama sai da gyara. Saboda haka in an gama kaka a kan kira gayya, ko wane hakimi ya kawo mutanensa, a nuna masa rabonsa na badala, su kwaɓa ƙasa su yaɓe inda damina ta zaizaye, su yashe gwalalon da ke bayanta. Ko wace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofa, shi ke rufewa da almuru ya buɗe da asuba, ya san mai shiga da mai fita.

KASUWA DA UNGUWANNI

Rumfa ne ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, tsakiyar gari, inda hanyoyin da suka taso daga ƙofofi su ke haɗuwa. Shi ne kuma ya kafa majalisar da a ke kira Tara ta Kano. A zamaninsa Shaihu Magili ya zo daga ƙasashen Larabawa na arewa, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga mai mulki. Kasuwar da shugabanta, ko wace haja da layinta. Clapperton ya yi mamakin tsarinta, har ya rubuta cewa in mutum ya sayi riga ya tafi wani gari ya tarar da aibi a jikinta, yana iya aiko da ita a mai da masa kuɗinsa, don ana sa takarda mai sunan dillali a cikin naɗin rigar.

Yadda aka raba kasuwa haka aka raba gari. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa su ba da labari. Zangon Barebari na mutanen Barno ne, Tudun Nufawa na Nufawa, Agadasawa na mutanen Agadas, Ayagi ta Yarbawa. Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna wajen Dandalin Turawa da Alfindiki, gama a da Balarabe a ke ce wa Bature. Madabo ta malamai ce tun zuwan Wangarawa, Sharifai kuwa ta zuriyar waɗanda suka zo tare da Shaihu Magili. Waɗansu unguwannin sana'a ta ba su suna, kamar Soron Ɗinki da Dukawa. Bayan jihadi, da Fulani suka karɓi Kano cikin 1807, manyan gidajensu suka fi yawa a kudancin Jakara kusa da fada, fatake da masu sana'a kuwa suka fi yawa a arewacinta wajen Dala.

Ko wace unguwa da mai unguwa. Ya san ko wane gida da mai shi, da wanda ya haifa, da baƙon da ya sauka. Ƙasa a hannun Sarki ta ke, mai son wurin gini sai ya bi ta hannun mai unguwa. In mutum ya gina, gida ya zama nasa, 'ya'yansa su gada bisa shari'a. In maƙwabta sun yi gardamar iyaka, ko wani ya sa indararonsa yana zuba a katangar wani, ko ya ci hanya da gini, mai unguwa ne farkon wanda a ke kira. Abin da ya fi ƙarfinsa ya kai gaba, har ya isa wurin alƙali ko fada. Ba a rubuta wannan tsari a taswira ba, amma kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

GIDA DA KUDUDDUFI

Gidan birni da ƙasa a ke gina shi. A kwaɓa ta da ciyawa a yi tubali, a jera, a yi rufin soro da azara, a shafe da makuba don kada ruwa ya ci. Daga waje sai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, ko ya yi sana'arsa, ko ya karantar da yara. Daga nan ƙofar gida, sa'an nan shigifa, kana a isa tsakar gida wurin mata, inda rijiya da madafa su ke. Bango mai kauri ya kan tsare zafi da rana, ya riƙe ɗumi da hunturu. Maginan da shugabansu, Sarkin Gini, shi ke duba manyan ayyuka.

Ƙasar da a ke ginin da ita a nan cikin unguwa a ke haƙa ta, ramin da ya rage shi ne kududdufi. Da damina ruwan indararo ya bi lungu ya gangara kududdufi, in ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba, har ya faɗa Jakara ta fitar da shi bayan gari. Ta haka kududdufai suka zama ma'ajin ruwan sama, suna riƙe shi har ƙasa ta shanye, rijiyoyin unguwa kuma su sami ruwa. Shara da toka da kashin dabbobi kuwa ba su taruwa, don manoman karkara su kan shigo da itace a kan jakuna, su koma da taki a mangala. Wani masani mai suna Mortimore ya yi binciken wannan bayan 1960, ya nuna takin birni na cikin abin da ya sa gonakin kewayen Kano su ke ba da amfani ko wace shekara ba tare da an bar su sun huta ba.

Amma fa tsohon tsari da aibinsa. Da Clapperton da Barth, Bajamushen da ya zo cikin 1851, duk sun yi kukan ruwan da ke kwance a tsakiyar gari da warinsa, da zazzaɓin da ke kama mutane. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke kawo ciwon. Lunguna kuma don mai ƙafa da jaki da doki aka yi su, ba su da faɗi. Ciwon agana da sanƙarau in sun shigo su kan yi ɓarna ƙwarai.

ZUWAN TURAWA

Ran 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta ci Kano, Sarki Alu ba ya gari. Gwamna Lugga da ya ga ganuwar ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta ba a Afirka. Aka naɗa Abbas. Turawa ba su zauna cikin birni ba, suka sauka a gabas, wajen Nasarawa da Bompai. Ba da daɗewa ba Razdan Cargill, wanda a ke wa laƙabi Mai Gunduma, ya yanka ƙasa gunduma gunduma, aka umurci hakimai su fita daga birni ko wanne ya zauna a ƙasarsa. Daga nan gayyar gyaran ganuwa ta mutu, gama ba sauran yaƙin da a ke tsoro, masu kawo mutanen kuma sun watse.

Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, shekara ta gaba cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tasha. Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, suka zauna a Fagge ta Kudu, daga sunansu Kantin Kwari ya samo suna. Akawuna da masu aikin jirgi da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa daga Kudu. Da ya ke manufar Turawa ita ce kada a haɗa baƙin da ba Musulmi ba da mutanen birni, sai aka yanka musu wuri dabam wajen 1913, aka kira shi Sabon Gari. Tudun Wada da Gwagwarwa kuma suka tashi, inda tsofaffin soja da leburori 'yan Arewa suka zauna.

Cikin 1917 aka yi dokar garuruwa, wadda ta sa Ikko a daraja ta ɗaya, Kano da Kaduna da Zariya a ta biyu. Ƙa'idar zamanin ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi ya kai musu. A unguwar Turawa ko wane gida da makeken fili da itatuwa. A Sabon Gari aka ja tituna miƙaƙƙu, aka yanka fuloti ƙanana daidai wa daida. Da mutane suka yi yawa ba a ƙara musu fili yadda ya kamata ba, sai masu gida suka yi ta ƙara ɗakuna suna ba da haya, har gidan da aka auna wa iyali guda ya ɗauki iyali goma.

Ta haka Kano ta zama gari biyu da hukuma biyu. Birni da Fagge a hannun Sarki, wajen tasha da Sabon Gari a hannun Joji. Sai cikin 1940 aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e. Amma rabuwar zama ta riga ta yi saiwa, mutanen da ke cin kasuwa ɗaya ba su san gidajen juna ba. Cikin watan Mayu 1953 rikicin siyasa ya tashi tsakanin ɓangarorin nan, hukuma ta lissafta mutum 36 da suka mutu. Masana da yawa suna ganin raba mazauni bisa ga asali yana cikin abin da ya sa irin wannan wuta ta ke saurin kamawa.

AIKIN EN'E

A cikin birni kuwa, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, an yi ayyuka manya da kuɗin Baitulmali, watau harajin talakawa da jangali. Cikin 1931 aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki. Daga kogin Challawa a ke turo ruwan, a tara shi a tanki bisa Gwauron Dutse, ya gangaro gari. Aka gina asibitin birni, aka fasa Sabuwar Ƙofa, aka faɗaɗa waɗansu hanyoyi don mota, aka kuma sake gina babban masallacin Juma'a, aka gama shi cikin 1951.

Aka raba birni fuska huɗu, da Wakilin Gabas da na Yamma da na Kudu da na Arewa, ko wanne da masu unguwanni a ƙarƙashinsa, jimlarsu ta fi 100. Bayan ganuwa kuma aka sa Wakilin Waje. Ko wace shekara malaman haraji su kan bi gida gida su rubuta mazauna. Ofishin safiyo na En'e yana auna filaye yana ajiye taswira. Dubagari yana shiga gidaje ya leƙa randa da masai da kwata, wanda aka samu da ƙazanta a kai shi gaban alƙali. Mutane sun yi kuka da tsananin wannan mulki, wani kukan kuwa da gaskiyarsu, don an sami ma'aikatan da suka zalunci talakawa. Duk da haka a zamanin nan in kwata ta toshe an san wanda za a tambaya.

TSARIN SHEKARA ASHIRIN

Ƙidayar 1952 ta sami mutum wajen 130,000 a Kano, ta 1963 ta sami kusan 300,000. Masana'antu sun fara tashi a Bompai. Gwamnatin Jihar Arewa ta ga lalle a yi wa birni da waje tsari guda, aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta cikin 1962. Wani masanin tsara gari mai suna Trevallion ya shugabanci aikin, aka fitar da tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Ya nuna inda manyan hanyoyi za su bi, da wurin masana'antu, da wurin sababbin unguwanni, da filayen da za a bari.

An bi wani sashi nasa, amma zamani ya fi shi sauri. Cikin 1967 aka yi Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamna, Kano ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka ƙaru. Yaƙin basasa ya zo ya wuce. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya koro dubban mutane daga karkara da ƙasar Nijar. Kuɗin man fetur ya shigo, aka buɗe masana'antu a Sharaɗa da Challawa, aka gina rukunin gidaje irin na Kundila da Gwammaja. Amma gidajen gwamnati ma'aikata kaɗan suka ɗauka, sauran jama'a kowa ya nemi inda zai sa kansa.

Cikin wannan hali kuma aka sake hannun da ke riƙe da gari. Tun daga 1967 aka fara rage ikon En'e, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari. Cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadinta, hakimai da masu unguwanni suka koma masu ba da shawara. Cikin 1978 aka yi dokar ƙasa, wadda ta sa dukan filin birni a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar mallaka. Dokar ta ce in gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka da itatuwa za ta biya, ba a biyan kuɗin ƙasar kanta.

AWON IGIYA

Manomin da ke bakin gari ya ga gini yana matso shi. Ya san in ya jira gwamnati ta zo ta auna, abin da zai samu kaɗan ne. Saboda haka sai ya riga ta, ya sayar wa dillalin filaye. Dillali ya zo da igiya da turaku ya yanka gonar ƙanana ƙanana, a rubuta takardar ciniki, dagaci ko mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa. Wannan shi a ke kira awon igiya. Mai saye ba wauta ta kai shi ba. Fulotin gwamnati kaɗan ne, neman takardarsa yana cin kuɗi da watanni, wani lokaci shekaru, na igiya kuwa yau a biya gobe a fara gini, a yi ɗaki ɗaya a shiga, sauran a ƙara sannu a hankali. Ta wannan hanya unguwanni irin su Rimin Kebe da Bachirawa da Ɗorayi da Sheka suka cika, kuma ta nan ne mafi yawan talakawan Kano suka sami gidan kansu.

Illar ita ce, ko wace ƙafa ta ƙasa kuɗi ce a wurin dillali. Hanyar da zai bari ƙarama ce, ta gonar nan kuma ba lalle ta haɗu da ta gonar gaba ba. Ba wanda ya ware wurin makaranta, ko asibiti, ko maƙabarta, ko hanyar ruwa. In gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta iya shiga. In mace na naƙuda da dare sai a ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Famfo bai isa ba, sai a sayi ruwa wurin 'yan garuwa, jarka jarka, da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida. In daga baya hukuma ta so fitar da titi, sai an rushe gidaje an biya diyya mai yawa.

A cikin birni ma fili ya yi tsada, aka juya kan kududdufai. A cika su da shara, a bi da ƙasa, a yanka a sayar. Ruwan sama kuwa bai san an sayar da gidansa ba, in ya zo ya rasa wurin zama sai ya shiga ɗakunan mutane. Cikin watan Agusta 1988 aka yi ruwa mai yawa wanda ya rushe dubban gidaje a Kano da kewayenta, a lokacin ne kuma madatsar Bagauda ta ɓalle. Tun daga nan da wuya damina ta wuce ba a ji gini ya faɗa wa mutane ba. Ganuwa ita ma haka, masu ɗibar ƙasa suka ci wani wuri, masu gini suka hau wani. Cikin 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman duniya ta san da su don tarihi, amma mafi yawanta ya riga ya tafi.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

A zamanin nan malaman jami'a, musamman na Jami'ar Bayero, suna da kayan aikin da magabata ba su da shi. Suna ɗaukar hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama a shekaru dabam dabam, su jera su, su ga yadda gini ya ci gonaki, da kududdufan da suka ɓace, da inda ganuwa ta yanke. Suna auna ruwan rijiyoyi da na Jakara da Challawa, sun kuwa sami dattin masana'antu a ciki, musamman na majemu. Suna kuma bi gida gida suna tambayar mutane yadda suka sami fili. Abin da binciken ya fi nunawa uku ne.

Na ɗaya, Kano gari guda ce amma ba ta da hukuma guda. Ƙananan hukumomi 8 suka raba ta: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Ga hukumar tsara birane ta jiha, ga ma'aikatar ƙasa, ga hukumar ruwa, ga ta kwashe shara, ko wacce da ofishinta. Mai unguwa, wanda ya fi kowa sanin wuri, doka ba ta ba shi iko a kan fili ba. Abin da wata gwamnati ta yarda da shi kuma wata ta kan soke. Cikin 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe kantunan da aka gina a Filin Idi da waɗansu wurare bisa iznin wadda ta gabace ta, maganar har ta kai kotu.

Na biyu, gina wa mutane gidaje bai isa ba. Tsakanin 2011 da 2015 an gina sababbin rukunai a Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, an kuma yi gadojin sama a cikin gari, amma kuɗin irin gidajen nan ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Rushe unguwannin awon igiya kuma ba magani ba ne, don mutanen wata gonar za su koma su sake. Abin da aka ga ya yi amfani a ƙasashe da yawa shi ne a bar mutane inda su ke, a shigar musu da kwata da ruwa da hanya, a sauƙaƙa musu samun takardar mallaka.

Na uku, aiki mafi araha shi ne wanda aka yi tun wuri yana gona. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mazaunin mutane ta ba da shawara cikin 2014 cewa a ware wa tituna aƙalla kashi 30 cikin 100 na filin gari. In hukuma ta riga dillali zuwa, ta kafa turaku ta ce nan babbar hanya za ta bi, nan makaranta, nan ruwa ke kwanciya, ta biya manomi diyyar da zai yarda da ita, sauran filin ko da igiya aka auna shi unguwar za ta zaunu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wannan shawara ta uku ba baƙuwa ba ce a Kano, ita ce Gijimasu da Rumfa da Wambai Giwa suka bi sa'ad da suka kewaye gonaki da ganuwa. Bambancin kawai, su sun yi wa dubbai tanadi cikin ɗaruruwan shekaru, na yanzu kuwa miliyoyi za su yi wa cikin shekaru kaɗan. Nauyin kuma ba a kan hukuma kaɗai ya ke ba. Mai shirin sayen fili ya kamata ya je ya gan shi da damina, ya tambayi tsofaffin wurin ko kududdufi ne a da, ya auna faɗin hanyar da aka bari, ya kuma bincika ko hukumar tsara gari ta san da awon. Mai gini ya bar wa hanya haƙƙinta, kada ya toshe kwatar maƙwabcinsa. Mutanen sabuwar unguwa su haɗa kai da mai unguwarsu su sayi filin makaranta da na maƙabarta tun kafin a gine su.

Allah ya ba shugabanni ikon duban gaba, ya ba talakawa mazauni na lafiya, ya zaunar da Kano da sauran garuruwa cikin alheri, amin.